Takarda da Zare a Saman Sororin Ahmedabad

Harkar yadi ce ta kai ni birnin Ahmedabad na jihar Gujarat, a yammacin Indiya, cikin watan Janairu. Birnin ya daɗe da yin suna a saƙa, tun daga shekarar 1861 da aka kafa masaƙar zamani ta farko a cikinsa, kuma har yau mai neman yadin auduga ko injin buga zane yakan bi ta nan. Ina tsakiyar zirga-zirga tsakanin ofisoshi da rumbunan ajiye kaya sai aka sanar da ni cewa ranar 14 ga wata da kashegarinta babu wanda zai buɗe ƙofarsa, domin bikin Uttarayan ne, bikin tashin jiragen takarda, kuma a waɗannan ranaku ba a samun mutumin Ahmedabad a ƙasa, sai a saman soron gidansa. Saurayin da aka haɗa ni da shi don ya riƙa yi mini tafinta, wanda yake kirana da "bhai" kamar yadda suke kiran kowane namiji cikin girmamawa, ya ce bai dace in kulle kaina a otal ba, in zo gidan kakansa a tsohon gari. Ya kuma ba ni shawarar in fara da gidan Mahatma Gandhi, jagoran gwagwarmayar 'yancin Indiya, a jajibirin bikin, tunda ko a ranar ma hankalin kowa ya riga ya bar aiki.

Kogin Sabarmati ne ya raba birnin gida biyu. A gabas akwai tsohon garin da Sarki Ahmad Shah ya kafa a 1411, mai ƙofofi da masallatai da lunguna, wanda UNESCO ta sanya cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2017, birni na farko a Indiya da ya sami wannan matsayi. A yamma kuwa jami'o'i ne da manyan kantuna da dogayen benaye. Shi kansa kogin a asali yakan ƙafe idan damina ta wuce, ruwan da baƙo yake gani a yau an janyo shi ne ta magudana daga kogin Narmada, aka tare shi da madatsa, aka yi masa dakalin siminti a ɓangarorin biyu.

Gidan Gandhi, wanda ake kira Sabarmati Ashram, yana gaɓar yamma, kuma ba a biyan ko sisi wajen shiga. Gandhi ya dawo daga Afirka ta Kudu a Janairun 1915, ya fara kafa zangonsa a unguwar Kochrab a watan Mayun wannan shekarar, sannan a 1917 ya ƙaura da jama'arsa zuwa wannan fili da ke tsakanin gidan yari da wurin ƙona gawa, inda aka ce ya yaba da zaɓin saboda mai ja da hukuma ba tare da makami ba ɗaya daga cikin wuraren biyu ne makomarsa. A nan ya zauna har zuwa 12 ga Maris 1930, ranar da ya fita da mutum 78 a ƙafa zuwa Dandi a bakin teku, tafiyar mil 241 cikin kwana 24, domin ya ɗebi gishiri da hannunsa ya karya dokar da ta ba gwamnatin Birtaniya ita kaɗai ikon sarrafa shi da sayar da shi. Ya yi alkawarin ba zai koma zama a gidan ba sai Indiya ta sami 'yanci. 'Yancin ya zo a 1947, aka harbe shi a Delhi ranar 30 ga Janairu 1948, bai koma zama ba.

Ɗakinsa yana cikin wani ɗan gida mai rufin jan laka da ake kira Hriday Kunj, kuma daga bakin ƙofa ake leƙa shi. Shimfiɗa ce a ƙasa, da ɗan teburin rubutu da bai kai gwiwa ba, da keken kaɗin zare. Kallo ɗaya ya isa mutum ya ƙirga duk abin da ke ciki, amma duk da haka mutane sukan daɗe a tsaye a wurin, kamar suna jiran a nuna musu sauran. Mazauna wannan gida sun rayu ne a kan alkawura goma sha ɗaya, daga ciki akwai ƙin tara abin da ya wuce buƙata, da cin abinci daga gumin jiki, da kawar da ƙyamar waɗanda tsarin Hindu na raba mutane aji-aji ya ɗauka a matsayin ƙasƙantattun da ba a taɓawa. Kowa yana tashi kafin asuba, kowa yana kaɗi, kowa yana wanke masai, wanda a wancan zamani aiki ne da aka ɗora wa waɗancan ƙasƙantattun su kaɗai. Tun a Kochrab, da Gandhi ya karɓi wani iyali daga cikinsu ya zaunar da su tare da kowa, masu ba da gudunmawa suka janye hannunsu, har gidan ya kusa rufewa, sai wani mai masaƙa, Ambalal Sarabhai, ya zo da mota ya miƙa masa rupi 13,000 ya tafi. Shekara uku bayan haka, a 1918, ma'aikatan masaƙu suka shiga yajin aiki, Gandhi ya tsaya musu a kan ƙarin kashi 35 cikin ɗari, kuma wanda yake jagorantar masu masaƙun shi ne wannan Ambalal ɗin, yayin da 'yar'uwarsa Anasuya take jagorantar ma'aikatan. An yi jayayya mai zafi, amma zumuncin bai tsinke ba. A harabar gidan akwai ɗakin da Madeleine Slade ta zauna, 'yar wani babban hafsan sojan ruwan Birtaniya da ta bar gidansu ta zo ta koyi kaɗi, akwai kuma gidan Imam Abdul Kadir Bawazeer, wanda ya biyo Gandhi daga Afirka ta Kudu.

Na fito daga wurin da girmamawa, amma ba da kwanciyar hankali ba. Sauƙin rayuwar da aka yi a wannan gida na alkawari ne da horo, mutum yana danne ransa kullum kamar mai tuƙa kwale-kwale yana fuskantar igiyar ruwa, kuma irin wannan yana da tsada. Ana danganta wa mawaƙiya Sarojini Naidu, wadda ta shugabanci jam'iyyar Congress a 1925, wata zolaya cewa kuɗi masu yawa ake kashewa kafin a iya riƙe Gandhi a cikin talauci, kuma zolayar ba ta tsufa ba, domin a Maris 2024 aka ƙaddamar da aikin faɗaɗa gidan da gyara shi a kan kimanin rupi biliyan 12. Mutumin da ya yi alkawarin ƙin tara dukiya, hotonsa ne a kan takardun kuɗin ƙasar. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne labarin babban ɗansa Harilal, wanda ya so ya je Ingila karatun lauya kamar ubansa bai samu goyon baya ba, suka ɓata, ya ƙare rayuwarsa cikin watangaririya, ya rasu watanni kaɗan bayan kisan mahaifinsa. Wanda ya iya sasanta masu masaƙa da ma'aikatansu bai iya sasantawa da ɗan cikinsa ba. Ban faɗi haka don in rage masa daraja ba, sai don in nuna halin da nake ciki lokacin da na tsallaka gada zuwa tsohon gari da daddare.

Kasuwar jiragen takarda ta Raipur ba ta barci a wannan dare. Abin da suke kira patang takarda ce marar nauyi mai kusurwa huɗu, an kafe ta da tsinken gora biyu, ɗaya a miƙe ɗaya a lanƙwashe, kuma ba a sayen ɗaya, sai ɗauri-ɗauri, na biyar ko na ashirin. A gefen titi an kafa sanduna an miƙe farin zaren auduga a tsakaninsu, masu aikin suna kai da komowa suna shafa masa wani kwaɓi na dafaffiyar shinkafa da garin kwalba da rini, hannuwansu sun yi ja ko shuɗi, yatsun duk tsaguwa. Idan ya bushe sai a naɗe shi a kwarkwaro mai mariƙi biyu da suke kira firki. Wannan zare mai kaifi, manja, shi ne makamin gobe. Tafintana ya riƙa ɗaga jirage ɗaya bayan ɗaya yana lanƙwasa goransu yana duba daidaituwarsu, mai shago yana kallonsa ba tare da gajiya ba, sannan ya ce mini waɗannan na yara ne kawai, na kakansa sun riga sun iso gida tun makon jiya daga unguwar Jamalpur, daga hannun wani iyali na Musulmi da tsohon yake saye a wurinsu tun yana saurayi. Yawancin masu ƙera jiragen nan Musulmi ne, kuma aikin kusan shekara guda suke sayarwa a cikin 'yan makonni.

Gidan yana cikin ɗaya daga cikin unguwannin da ake kira pol, waɗanda akwai ɗaruruwansu a tsohon gari. Kowace pol lungu ce mai ƙofa ɗaya da a da ake rufewa da dare, gidajenta masu hawa biyu ko uku suna manne da juna, fuskokinsu na katako ne da aka sassaƙa, kuma a ƙofar kowane gida akwai dakali inda ake zama. A ƙarƙashin wasu gidajen akwai rijiyar tara ruwan sama. A tsakiyar lungun akwai wata hasumiya ta katako mai rumfa a sama, wadda aka gina don zuba wa tsuntsaye hatsi da ruwa, a jikin wasu bangayen kuma an bar ramuka da gangan domin aku ya sami wurin sheƙa, saboda garin ya cinye itatuwan da zai zauna. Na sami iyalin a zaune a ƙasa, tsofaffi da yara, kowa da tsinken turare mai wuta yana huda jirage yana ɗaura musu zaren linzami. Tsohon, wanda duk unguwar take kira Dada, bai tambaye ni sana'ata ba. Matsawa ya yi, ya miƙo mini ɗauri ɗaya da zare, ya nuna mini yadda ake auna tsawon linzamin da yatsu, kafin matarsa ta kawo shayi.

Da hantsi muka hau soro. Bikin yana nuna shigar rana wani sabon buruji a lissafinsu da komawarta arewa, amma babu wanda na ji yana wannan zance a sama. Duk inda ido ya kai mutane ne a kan rufi, da huluna da tabarau, yatsunsu a naɗe da filasta, amsa-kuwwa tana tashi daga kowace kusurwa, yara suna busa ƙaho, sararin samaniya kuma ya cika da dubban takardu masu launi suna kai da kawowa. Wannan jirgi ba shi da wutsiyar da za ta daidaita shi, don haka ba ya tsayawa da kansa. Idan aka sassauta zare sai ya riƙa juyawa, idan hancinsa ya fuskanci inda ake so sai a ja, ya miƙe can da gudu. Wasan shi ne ka kai zarenka ya gitta na wani, sannan ko dai ka sake shi da sauri ko ka finciko shi, har kaifin ɗaya ya yanke ɗayan. Wanda ya yanke, shi da mutanen soronsa sai su ɗauki ihu suna cewa "kai po che", suna kuma yi wa wanda aka yanke tsiya da "lapet", wato ya naɗe ragowar zarensa. Jirgin da aka yanke ya zama na duk wanda ya kama shi, shi ya sa a ƙasa yara suke gudu da dogayen gora da aka ɗaura wa ƙaya a kai.

Mutum ɗaya ba ya iya wannan wasa. Dole a sami mai riƙe firki a bayansa, wanda zai san lokacin sakin zare da lokacin naɗewa ba tare da an gaya masa ba, idan iska ta yi rauni kuma sai a sami na uku da zai ja da baya da jirgin ya cilla shi sama. Mai riƙe wa Dada jikarsa ce 'yar kimanin shekara tara, yana ce mata "dikri (wato 'yata), saki, saki", ita kuma tana ce masa "Dada, ga ja can yana zuwa ta hagu." An ba ni firkin tafintana na riƙe, kuma a nan na fahimci cewa rabin nasarar mai wasa tana hannun wanda ba a kallo. A soron da ke kusa da namu akwai wani likita da aka ce sananne ne a birnin, ya zo da iyalinsa daga sabon gari don ya yi bikin a gidan da aka haife shi. Wani yaro ɗan mai gugar unguwar ya yanke masa jirgi sau da dama a jere, duk soraye suka ɗauki sowa, likitan ya ɗaga hannu ya jinjina wa yaron, ya sunkuya ya ɗauko wani.

Dada ƙwararre ne, amma shi ma an yanke shi ba adadi, kuma ban ga fuskarsa ta canza ba ko sau ɗaya. Da na tambaye shi ta bakin jikansa ko ba ya jin zafin ganin jirgin da ya kwana yana gyarawa ya tafi, sai ya yi dariya ya ce, "Bhai, ai don su tafi muka saye su ashirin-ashirin. Wanda ya sauko da jirginsa lafiya ƙalau da yamma, ka tabbata bai yi wasa da kowa ba, gefe ya koma yana tsoron maƙwabtansa." Wannan magana ta fi mini duk abin da na karanta a allunan gidan tarihi. Abin wasan ba shi da tsada, rupi kaɗan ne, shi ya sa ake iya rasa shi ba tare da ɓacin rai ba, kuma saboda ana iya rasa shi ne mutum yake yarda ya kai shi inda na wani yake. Da takardar nan ta zinariya ce, da kowa ya tsaya a kusurwarsa. A ganina a nan ne sauƙin rayuwa yake haɗuwa da zumunci, ba don talauci yana da wata daraja ta kansa ba, sai don wanda abin hannunsa bai yi masa nauyi ba ya fi iya kusantar mutane. Gandhi ya kai ga wannan ta hanyar alkawari da azumi. Waɗannan mutane kuwa babu wanda ya ɗaukar musu alkawari, wasan ne ya tilasta musu, kuma suna dariya suke yi.

Katangun da ke tsakanin sorayen ba su wuce ƙugu ba, abinci kuma ta kansu yake tsallakawa. An miƙo mana alewar riɗi da ta gyaɗa da aka ƙulla da mazarƙwaila, da rake, da magarya, sannan da rana aka hau da babbar tukunyar undhiyu, wani haɗin kayan lambun lokacin sanyi, da wake da dankali da gauta da ayaba, wanda a gargajiyance ake dafawa cikin tukunyar ƙasa a kife a cikin wuta. Iyalin ba sa cin nama, jihar Gujarat kuma ta haramta sayar da giya tun 1960, don haka ban sami abin da zan kauce wa ba. Da azahar ta yi, ban kai ga buɗe baki ba matar Dada ta ce wa jikanta ya raka ni Masallacin Juma'a, wanda Ahmad Shah ya gina a 1424, mai ginshiƙai 260. Daga tsakiyar farfajiyarsa ma jirage ake gani, wasu da aka yanke suna saukowa a hankali kusa da wurin alwala.

A hanyar dawowa na tambayi saurayin ko kakansa yana zuwa gidan mai ƙera masa jirage. Ya ce suna gaisawa da mutunci, suna tambayar iyali, kuma mutumin yakan ware masa mafi kyau kafin kasuwa ta buɗe, amma cin abinci a gidan juna bai taɓa gani ba. Bai kamata baƙo ya ƙawata abin da ya gani fiye da yadda yake ba. A wannan jihar ce aka yi rikicin 2002, wanda alƙaluman da gwamnati ta gabatar wa majalisa suka ce ya ci Musulmi 790 da Hindu 254, kuma Ahmedabad tana cikin wuraren da abin ya fi muni. Tun daga lokacin Musulmi da yawa suka tattara zuwa unguwanni irin su Juhapura, kuma akwai dokar da ta sa sayar da gida a wasu unguwanni sai da izinin hukuma. A sama zaren kowa yana gittawa da na kowa, babu mai sanin addinin wanda ya yanke shi. A ƙasa kuwa kowa ya san inda iyakarsa take, kuma kwana biyu na wasa ba su goge wannan ba.

Wasan yana da wata ɓarnar kuma. Zaren da yake yanke zare yana yanke fiffike, yana yanke wuya. Na lura da babura da yawa an kafa musu wani lanƙwasasshen ƙarfe a gaba don ya tare zaren da ya gitta titi, domin kusan kowace shekara ana samun waɗanda ya yi ajalinsu. A 2017 kotun kare muhalli ta ƙasar ta haramta zaren roba, wanda ba ya tsinkewa kuma ba ya ruɓewa, amma har yanzu 'yan sanda suna kama masu sayar da shi a ɓoye. Tun wannan shekarar kuma gwamnatin jihar take gudanar da wani shiri mai suna Karuna Abhiyan daga 10 zuwa 20 ga Janairu, inda likitocin dabbobi da 'yan sa kai suke ɗinke dubban tsuntsaye, galibi tattabaru da shirwa. Dada ba ya sakin jirgi da sassafe ko gab da faɗuwar rana, lokacin da tsuntsaye suke fita da komawa, kuma shi ne yake zuba hatsi a hasumiyar lungunsu kowace safiya. Na ce masa to ai duk da haka zarensa ma garin kwalba ne a jikinsa. Ya yi shiru, sannan ya ce gaskiya ne, kuma bai ƙara komai a kai ba. Na fi ganin girmansa da wannan amsa fiye da a ce ya kawo mini hujja.

Kashegari, wanda shi ma ranar wasa ce, iska ta yi rauni, sai muka fi zama a dakali. A nan na ji tarihinsa. Ya yi aiki a masaƙa har zuwa shekarun 1980, lokacin da masaƙun birnin suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, dubban ma'aikata suka wayi gari ba aikin yi. Ya koma sayar da guntayen yadi a kan keke. Ya ce a shekarun nan biyu na farko unguwa ce ta riƙe shi: mai shago ya yi ta ba shi bashi ba tare da rubutu ba, da aka zo aurar da 'yarsa kuma manyan tukwane da shimfiɗun da unguwar ta mallaka tare aka fito da su, maƙwabta suka yi girki. Gidansa ɗaki uku ne a jere sama da juna, kayan sawarsa suna rataye a ƙusa huɗu. Yayin da muke zaune babu wanda ya wuce bai tsaya ba, wani ya karɓi jarida, wata ta ajiye masa jariri ta shiga kasuwa, wasu yara suka kawo masa ƙarar junansu a kan jirgin da suka kama tare, ya raba gardamar da cewa wanda ya riƙe gora ya ɗauki takardar, wanda ya hango ta ya ɗauki zaren. Ya san sunan kowa da na kakan kowa. Na tambaye shi ko ya taɓa zuwa gidan Gandhi, ya ce an kai su suna 'yan makaranta, wuri ne mai kyau, sai dai babu wanda yake kwana a ɗakin yanzu.

Akwai wata jayayya da ta taso a gabana, wadda na gane ba sabuwa ba ce. A 'yan shekarun nan masu kuɗi daga sabon gari da 'yan ƙasar mazauna waje suna hayar sorayen tsohon gari na kwana biyun nan a kan dubban rupi, har da abinci da jirage, kuma wasu maƙwabtan sun karɓa. Tafintana yana ganin kuɗin zai gyara katakon gidan da gara ta fara ci da bututun ruwan da yake yoyo. Dada ya ce idan ya ba da hayar soron, ina jikokinsa za su tsaya, kuma wa zai miƙa wa faranti ta kan katanga. Saurayin ya amsa cikin ladabi cewa rabin gidajen lungun ma an riga an mayar da su rumbunan ajiye kaya, masu su sun tsallaka kogi. Kowannensu yana da gaskiyarsa, domin lungun mota ba ta shiga, motar asibiti ma sai dai ta tsaya a bakin ƙofa, gyaran tsohon katako kuma yana cin kuɗin da mai ƙaramin albashi ba shi da shi. Matar Dada ce ta rufe zancen da cewa shayi yana hucewa.

Ranar da zan tashi, saurayin ya raka ni filin jirgin sama. Wayoyin lantarki da itatuwan kan hanya duk sun cika da yagaggun takardu da zare, ma'aikatan tsafta da 'yan sa kai suna zazzago su da gora suna tarawa a buhu. Muna tafe ya gaya mini cewa ya riga ya biya kuɗin farko na wani gida a hawa na goma cikin wani dogon bene a yammacin kogi, kusa da inda matar da zai aura take aiki, da wurin ajiye mota da injin hawa. Na tambaye shi ko benen yana da soro. Ya ce yana da shi, na mazauna ne gaba ɗaya, amma makullin yana hannun kwamitin gida, kuma sai an rubuta takarda ake buɗewa. Ya ce bai gaya wa Dada ba tukuna, yana jiran a gama biki hankali ya kwanta, kuma ya roƙe ni idan na kira don yi musu ban gajiya kada zancen ya fito daga bakina.